Dokar Finn da haƙƙin karnukan 'yan sanda

Ranka ya daɗe Edita,

A watan Oktoban 2016 wani matashi ya daɓa wa Finn, karen 'yan sanda, wuƙa a garin Stevenage na Ingila. Abin takaici, game da karen laifin lalata kaya kawai aka tuhume shi da shi, tamkar gilashin mota ya fasa. Wannan ya jawo Dokar Finn ta 2019, wadda ta hana mai laifi fakewa da cewa kansa yake kārewa. A 2021 kuma aka ɗaga iyakar ɗaurin cutar da dabba daga wata 6 zuwa shekara 5.

A ganina ɗauri kaɗai bai wadatar ba. Kuɗin jinya da na horar da wani karen su fito daga aljihun wanda ya yi ta'asar, ba daga baitulmali ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya