Sanarwa: Benizelos ne a tattaunawar Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Asabar bayan sallar isha'i za mu ɗauki tarihin Elefteriyos Benizelos, firaministan Girka wanda babban filin jirgin saman Atina, babban birnin ƙasar, ke ɗauke da sunansa.

Ga ɗan abin riƙewa kafin ranar. An haife shi a 1864 kusa da Haniya a tsibirin Kirit, lokacin tsibirin na hannun Daular Usmaniyya. Lauya ne, amma a 1905 ya hau duwatsun Teriso ya jagoranci tawayen neman haɗewa da Girka. Ya zama firaminista a 1910, kuma bayan yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 ƙasar ta kusa ninka faɗinta, har da birnin Tasalonika.

Rigimarsa da Sarki Konstantin kan shiga yaƙin duniya na farko ta raba ƙasar gida biyu. A 1920 ya dawo da babbar riba daga yarjejeniyar Sebir, wadda ƙasashen da suka ci yaƙin suka ƙulla da Daular Usmaniyya, amma watanni uku bayan haka jama'a suka kada shi a zaɓe.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ƙarshensa da Turkawa. Shi ya sa hannu a birnin Lozan na ƙasar Switzerland a 1923 kan musayar jama'a bisa addini: Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi dubu ɗaruruwa suka bar Girka. Sai ga shi a 1934 yana ba da sunan Ataturk, shugaban Turkiyya na lokacin, don kyautar Nobel ta zaman lafiya! Ya rasu a Paris a 1936.

Don Allah mai tambaya ya turo kafin Juma'a, kuma a taƙaita saƙon murya.