Kada a Yi Gaggawar Binne Bakin Ledar Tafki

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in ja kunnen masu haƙa ƙaramin tafki a lambunsu, don kada su yi asarar da na yi.

Bara na shimfiɗa leda mai kauri a ramin, na yanke bakinta daidai da gaɓa, na danne da duwatsu, sannan na zuba ruwa. Nauyin ruwan ya ja ledar ciki, gefe ɗaya ya zame, ruwa ya bi ta ƙarƙashinta. Kifayena bakwai sai a bokiti suka kwana.

Da na sake aikin, sai na bar rarar leda kamar santimita 40 ta kowane gefe. Na cika tafkin a hankali, na bar shi kwana biyu ledar ta kwanta a jikin ramin. Sannan na haƙa siririn rami a zagaye, zurfin santimita 20, taƙi ɗaya daga bakin ruwa, na cusa rarar, na mayar da ƙasa na daddale. Duwatsu masu faɗi suka hau kai, don rana na cinye ledar da aka bari a fili har ta tsage.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne daidaita gaɓar. In gefe ɗaya ya yi ƙasa, ta nan ruwa zai malale. Kuma kada ƙasar lambu ta taɓa ruwan, don tsotse shi take yi kamar lagwani. Ƙusa kuwa, kada ta kusanci ledar.

Naka,
Wani mai karatu