Wasiƙa a Kan Likitoci da Kaciyar Jarirai

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai jego da jaririn, Allah ya raya shi.

Na ga mamakin da ka yi a wasiƙarka, cewa likitoci biyu a asibiti ɗaya sun ba ka shawara iri biyu a kan kaciyar yaron, ɗaya ya ce gara a yi tun yana cikin tsumma, ɗayan kuwa ya ajiye alƙalami ya tambaye ka gaggawar me ake yi. Ni abin bai ɗaure mini kai ba, domin likita ma ɗan wani gida ne, kuma tun kafin ya sa farar riga idonsa ya saba da abin da ya tashi ya tarar a jikinsa da na 'yan'uwansa.

A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce amfanin kaciyar jariri ya rinjayi haɗarinta, ko da yake bai kai a ce a yi wa kowane yaro ba. Da shekara ta zagayo, likitoci 38, akasarinsu daga Turai, suka yi martani cewa al'ada ce ta ja Amurkawa, tunda yawancin mazan ƙasar masu kaciya ne. Amurkawan suka ce ai ku ma al'adar ce ke jan ku, don a wajenku rashin kaciyar ne aka saba da shi. A ganina duka biyun sun faɗi gaskiya, kowa dai laifin ɗan'uwansa ya hango.

Hujjojin kuwa ɗaya ne a gabansu. Gwaje-gwajen Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda, tsakanin 2005 da 2007, sun nuna kaciya tana rage kamuwar namiji da cutar ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, amma manya aka yi wa, ba jarirai ba. Tana kuma rage ciwon mafitsara ga jariri, sai dai ciwon bai cika yawa ba. Wanda ya tashi da kaciya sai ya ga rigakafi, wanda bai tashi da ita ba sai ya ga wuƙa a jikin yaro mai lafiya da ba a nemi yardarsa ba. Wani bincike a Kanada a 2010 ma ya samu likitoci maza masu kaciya sun fi goyon bayanta, kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin da ya rubuta matsayar ƙungiyar Amurka ta 2012 ya faɗa a fili cewa shi da hannunsa ya yi wa ɗansa, saboda addini. Na fi ganin girman wannan a kan wanda ke rantsuwa ilimi tsantsa yake magana.

In ka koma, ka roƙi kowannensu ya ware maka abin da bincike ya tabbatar daga abin da yake ra'ayinsa, ka kuma tambayi wanda zai yi aikin sau nawa ya taɓa yi, da abin da zai kashe zafi da shi. Ina jiran jin yadda kuka yi.

Naka har kullum.