Zuwa ga aminina, game da aikin bankin da aka kira ƙaninka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin shawarar da ka nema kafin yaron ya sa hannu a takarda.

Abu na farko da zai tambaya shi ne ko bankin ne da kansa ya ɗauke shi, ko kuwa wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo shi a matsayin ɗan kwantiragi. Da yawa daga masu zama a kanta 'yan kwantiragi ne; aikinsu ɗaya da na ma'aikacin dindindin, amma albashinsu bai kai nasa ba, ƙarin girma kuwa sai wanda Allah ya tsaga da rabonsa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna. Mutane suna ganin an rufe ƙofa da ƙarfe huɗu sai su ɗauka mun tashi, alhali a lokacin ne kashiya zai zauna ƙirga, kuma ba zai motsa ba sai kuɗin hannunsa sun yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna. Idan aka samu giɓi, yawanci daga albashinsa za a cire. A watan azumi sau da yawa a kan tebur muke shan ruwa da dabino, kuma idan na isa gida na tarar yara sun yi barci. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, mu muka sha zagin jama'a a kan dokar da ba mu muka kafa ta ba.

Wanda aka tura neman masu ajiya nauyinsa ya fi haka, domin ana ɗora masa adadin da zai kawo, har zumunci ya koma roƙon dangi su buɗe asusu. Wannan matsi ba zai ragu da wuri ba a ganina, musamman tun da Babban Bankin Najeriya ya umarci manyan bankuna a 2024 su kai jarinsu Naira biliyan 500.

Duk da haka ban ce ya ƙi ba. Albashi yana zuwa a kan kari, ana koyon tsari da riƙon amana, kuma manaja mai adalci yana sauƙaƙa abubuwa da dama. Ka ce masa ya nemi wani a reshen ya tambaye shi ƙarfe nawa suke tashi da gaske, sannan ya kira ni kafin ya amsa.

Ka gaida mutanen gida.

Wassalam,
Amininka