Sanarwa: Aikin fili kan darasin halittu da muhallinsu

Assalamu alaikum ɗalibai.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na safe za mu haɗu a filin makaranta don ƙidayar tsirrai. Kun haddace ma'anar yawan jinsi a wuri, saura ku auna da hannunku.

Ku kasu biyar-biyar. Kowane rukuni ya zo da kwadirat, wato firam mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, da littafi, fensir da ma'aunin zafi. Ku ajiye firam ɗin sau 10, ku ƙirga tsiro iri ɗaya kacal, ku tara jimillar ku raba da 10. In jimillar ta zama 60, ke nan tsiro 6 ne a kowane murabba'in mita.

Ga inda ake tafka kuskure: ido yakan ja mutum wurin da ya fi kore, sai lissafi ya kumbura. Don haka a zaɓi wuri ta hanyar jefa ƙuri'a. Tsiron da ya faɗo kan layin firam kuwa, a ƙirga na gefen sama da hagu kawai. Ciyawa mai yaɗo ba ta ƙirguwa, ku ƙiyasta kashi nawa cikin 100 ta rufe. A kowane wuri ku rubuta zafin ƙasa, da ko akwai inuwa.

Kowa ya zana sarƙar abinci, wato jerin wa ke cin wa, daga abin da ya gani. Kibiya tana tashi daga wanda aka ci zuwa mai ci, kada ku juya ta.

A kawo rahoto ranar Litinin. Allah ya ba da sa'a.

Malaminku na Bayoloji