Cutar MS ba aikin iska ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu faɗakar da 'yan uwa na Agege da Idi-Araba a Legas kan cutar MS (multiple sclerosis), wadda garkuwar jiki ke afka wa jijiyoyi. A jiki mai lafiya, ƙwayoyin garkuwar da suka juya wa jiki baya sukan mutu da kansu. A MS wasunsu kan tsira, su kutsa ƙwaƙwalwa da laka, su ɓarke rigar mayelin da ke lulluɓe jijiyoyi. Sai gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi.

Gado na da hannu: ƙwayar halitta HLA-DRB1*15:01 tana ninka haɗarin kusan sau 3. Amma ko tagwaye masu kama ɗaya, galibi ɗaya ke kamuwa.

Maganin ocrelizumab, ta ƙarin ruwa duk wata 6, yana kashe ƙwayoyin B, wani nau'in ƙwayoyin garkuwa da ke da hannu a cutar. Don Allah a fara gwada ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da shi.

Likitocin jijiyoyi, Legas