Zuwa Ga 'Yata, Kafin Tafiyarki Legas

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, Gwaggonki ta nuna mini hotunan da kike sakawa a Instagram, waɗanda aka ce su za ki kai baje kolin zane a Legas, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na ga yadda kika raba fuskarki gida biyu da kwamfuta, ɓangare ɗaya da hijabi, ɗayan kuma kin lulluɓe shi da kalaman da baƙi suke rubuta miki a ƙarƙashin hotuna. Na gane tambayarki, wato ko mutum ne yake gina kansa a intanet ko masu kallonsa ne suke gina shi. Ban taɓa raina sana'arki ba. Ni na tsaya miki lokacin da baffanninki suka ce karatun zane a Zariya ɓata lokaci ne, na gaya musu cewa a can Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da abokansu suka kafa ƙungiyarsu a 1958 domin su haɗa zanen gida da na Turawa.

Fuskar nan ce take hana ni barci. Ke kika ba ni labarin Amalia Ulman, wadda ta shafe watanni a 2014 tana nuna rayuwar ƙarya a Instagram, jama'a suka gaskata, daga baya ta bayyana cewa aikin fasaha ne. A unguwarmu wa zai tsaya ya saurari irin wannan bayani? Yau yaro da waya a hannunsa yana iya ɗauke fuskarki ya ɗora ta a jikin da ba naki ba, hoton ya gama zagaya WhatsApp kafin la'asar, kuma wanda ya gani ba zai tambaya ko zane ne ba, sai dai ya tambayi 'yar gidan waye. Sannan hoton marigayiya Hajiya da kika haɗa da naki, izinin wa kika nema? Ba don wannan aka ba ki shi ba, kuma kin sani.

Ban ce ki fasa tafiya ba, 'yata, domin aikin yana da kyau, ni kaina na daɗe ina kallonsa. Ki cire hoton Hajiya. Waɗanda fuskarki take ciki ki buga su a takarda a rataye a bango, ki sauke su daga intanet. Ki sauka gidan yayarki, kuma ki kira mahaifiyarki kafin ki tashi. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.